Sabuwar Jinkar Rumbun Baba Lado

Unguwar Marke, ta Ɗantutture,
Farkon damina.

Zuwa ga Yaya Malam Abdullatif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Fauziyya da yara, da ɗalibanka na kwaleji. Mu nan alhamdu lillahi. Mahaifina Baba Lado yana gaishe ka, yarana biyu ma haka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da ɓarayin daji suka lalata ƙarfen sabis, wayoyinmu sun koma fitila. Zubair direba zan ba, tunda yana shiga Dutsin-Ma ranar kasuwa. In ma boko ya sa ka manta da dangi, ni ce Lauratu, jikar ƙanwar kakanka, wadda ka ce ba za ta taɓa iya rubuta sunanta ba. To ga shi, sai ka karanta.

Liman Ubaidullahi ne ya sa ni wannan rubutu. Suna zaure shi da Baba, sai na karanta masu kafin in naɗe.

Wata ƙungiya ce ta zo, wai sun zaɓi ƙauyenmu don gwaji. Duk baligi, mace da namiji, mai shi da marar shi, za su riƙa ba shi kuɗi kowane wata. Ba rance ba ne, ba aiki za a yi masu ba, ba su kuma tambayar abin da mutum zai yi da shi. Gari ya rikice. Wasu sun ce kuɗin ruwa ne aka sauya wa riga, wasu sun ce imaninmu ake son saye. Liman tsoro ya kama shi, ya ce in ya ce a karɓa alhali haramun ne, da wace ƙafa zai tsaya gaban Allah da zunubin gari guda? Shi ne ya ce a tambaye ka, tunda fiƙihu kake koyarwa. Ya halatta? In ya halatta, mawadaci ma zai iya ci?

Labarin gida babu wani. Baba ibada ta ƙaru, kusan kullum da azumin nafila yake wuni. Ɗakinmu ni da yara yoyo yake, amma rumbun Baba ya sha sabuwar jinka, duk wanda ya wuce sai ya yaba.

Ka amsa da wuri, Allah ya ƙara basira.

Ƙanwarka,
Lauratu

*

Dutsin-Ma.

Zuwa ga Lauratu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun yi murna ƙwarai. Muna lafiya, Fauziyya tana gaishe ki. Rubutun kuwa na karanta, bayan na sa tabarau na kuma kira mataimaki. Amma na janye maganata, kin iya.

Ki gaida Liman, ki karanta masa wannan a hankali. Kuɗin ruwa sai an ranta wa mutum ya mayar da ƙari, nan kuwa ba a ranta wa kowa ba. Kyauta ce, kyauta kuma halal ce ko daga hannun wanda ba Musulmi ba, muddin ba a gindaya sharaɗin saɓon Allah ba. Don haka talaka ya karɓa hankali kwance.

Tambaya ta biyu ita ta tsayar da ni. Masu wannan kuɗi don rage talauci suka fito da shi. Ina jin tsoron mai cikakken rumbu ya sa hannu cikin abin da aka fitar saboda masu kwana da yunwa. Ban ce haramun ba ne. Na ce barinsa ya fi tsantseni ga wanda Allah ya wadata. Wannan shi ne abin da na gani, Allah shi ne masani.

Labarin rumbun Baba ya faranta mini rai. Yadda ake ta cewa noma ya gagara a wajenku, na ɗauka abin ya taɓa ku. Ashe dattijon yana nan da ƙarfinsa, har da sabuwar jinka. Irin su Baba ai su ke bayarwa, tun ina yaro nake ganin layin masu karɓar zakka a ƙofarsa da kaka. Azumin kuma Allah ya karɓa, ya sa mu cikin ladan. Yoyon ɗaki kuwa laifinki ne, ki daina rowa ki sayi ciyawa.

Yayanki,
Abdullatif

*

Unguwar Marke.

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida mutanen gida. Yara lafiya. Baba yana nan, sai dai ya rame.

Wannan karon ni kaɗai ce, ba wanda zan karanta wa. Yaya, amsarka ta zo, amma ba yadda ka faɗe ta aka ɗauke ta ba. Kai ka ce barinsa ya fi, Liman kuwa don tsoron kada ya halaka wani sai ya mai da shi doka. Ya tara maza a ƙofar masallaci bayan Azahar, ya ce duk gidan da rumbunsa ke rufe da jinka mawadaci ne, ya haƙura. Mabuƙaci kuma ya tashi tsaye ya faɗa da bakinsa, a miƙa sunansa. Ma'aikatan ƙungiyar sun ce su kowa suke so, amma ba su tilasta wa kowa.

Ka san garinmu. Waɗanda kowa ya riga ya san halinsu su suka tashi, kansu a ƙasa. Baba kuwa tun kafin a zo kansa ya ɗaga murya ya ce, "Mu Allah ya rufa mana asiri, a ba mabuƙata." Aka yi ta sa masa albarka. Malam Dalhatu maƙwabcinmu, tsaransa, shi ma ya faɗi haka.

Da ya shigo gida na ce, "Baba, ni fa mijina ya rasu, ga marayu. In ba da sunana?" Ya dube ni ya ce, "Mi kika rasa gidan nan? Ɗiyar Lado ba ta tashi gaban masallaci."

Ina da tambaya biyu, don Allah kada ka mai da su wasa. Mutum ya sa ka rantse da Allah ba za ka faɗi wata magana ba, sai ka ga in ka yi shiru wani zai iya mutuwa, ya za ka yi? Ta biyu, ya halatta tsoho ya yi ta azumi ba hutu har ƙafarsa ta fara rawa?

Tsoro nake ji, Yaya. Ban san wa zan gaya wa ba.

Lauratu

*

Unguwar Marke.

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ban ji daga gare ka ba. Zubair ya ce hanya ta ɓaci, an tare motoci, ya ajiye tasa har sai abin ya lafa. Ban ma sani ba ko ta baya ta same ka. Ina dai rubutawa, don in ban rubuta ba zuciyata za ta fashe.

Malam Dalhatu ya rasu. Aka ce zazzaɓi ne. Bayan addu'a 'ya'yansa suka zo daga birni za a raba gado, aka kafa tsani aka ɗaga jinkar rumbunsa, sabuwa fil irin ta Baba. Yaya, babu ko zangarniya ɗaya. Ƙaiƙayi ne da kashin ɓera. Matarsa ta fashe da kuka ta ce tun bazara ganyen tafasa suke ci, shi kuma ya hana ta faɗa. Ina tsaye ta kan katanga ina kallo.

Na karya rantsuwata, Allah ya yafe mini. Rumbunmu ma haka yake. Damina biyu ke nan Baba bai taka gonar daji ba saboda ɓarayi, sai ɗan fegin bayan gida. Zakkar da ya raba bara, sansa na huɗa ya sayar, ya ce wa mutane san ne ke ciwo, ya sayo dammunan hatsi daga wani gari ya raba yadda ya saba. Da hatsin ya ƙare ya hau da kansa ya baibaye rumbun da sabuwar ciyawa, don a garin nan ba a baibaye rumbun da ba komai. Ranar ya sa na rantse.

Abin da nake samu na kitso shi muke ci. Azumin nan ba don lada kaɗai ba ne, rabonsa yake bar wa yarana. Ruwa ne sahur ɗinsa, ya buɗe baki da kunu tsararo. Jiya yana alwala ya kife, na ɗaga shi kamar na ɗaga yaro. Ƙafafunsa sun kumbura. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne, "Wani ya gani?"

A takardar farko na so ka gane. Na ce maka ɗakinmu na yoyo amma rumbu ya sha jinka. Wane uba ne mai hatsi zai bar jikokinsa cikin ruwa? Baba da Liman suna zaune a gabana, iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ma'aikatan sun ce ƙarshen wata za su dawo su rufe ɗaukar suna. Ina jin tsoron kafin nan a ɗaga tamu jinkar.

Lauratu

*

Dutsin-Ma.

Lauratu,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu tare suka iso yau da hanya ta buɗe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan Malam Dalhatu. Na karanta a tsaye a tasha, na rasa inda zan zauna.

Ba ki yi laifi ba. Rantsuwar da za ta kashe rai karya ta shi ne daidai, sai kaffara. Ki ba ni izini in ciyar a madadinki. Azumin da ke cutar da jiki haka kuma bai halatta ba.

Ga buhun masara na ba Zubair, da ɗan abin cefane. Ki dafa masa yau. Ki kuma samu Liman a keɓe ki gaya masa gaskiya, a sa sunayenku a asirce. Ni ma ina neman izinin shugabanmu in zo, jarrabawa ce ta riƙe ni.

Ki sanar da ni halin da yake ciki ko da layi ɗaya ne.

Abdullatif

*

Unguwar Marke.

Yaya,

Salamu alaikum. Buhun ya zo, Allah ya saka da alheri. Amma bai kwana a gidan nan ba.

Zubair a ƙofar gida ya sauke shi, mutane na zaune. Baba ya fito da sandarsa, ya dubi buhun, ya dubi mutane, ya ce, "Ɗana Abdullatif ya aiko da sadaka. A kira mabuƙata." Yana zaune yana aunawa da hannunsa, ana yi masa addu'a, ni ina bayan ƙyaure ina cizon mayafi. Kwano ɗaya na samu na ɓoye, shi yara ke ci.

Maganar Liman kuwa ba za ta yiwu ba. Ranar biya kowa zai ga wanda ya shiga layi, babu asiri a ciki. In Baba ya ji na kai shi gaban Liman, wallahi baƙin ciki zai riga yunwa. Duk abin da aka ce na mabuƙata ne ba zai taɓa ba, ko da zai mutu a kansa. Ka aiko da buhu goma, haka zai raba su.

Yau a zaune ya yi sallar Asuba. Bai taɓa ba. Duk lokacin da ya yi shiru a ɗaki sai in leƙa in ga ko ƙirjinsa na motsi.

Kai ne malami. Ka nemo mana hanya.

Lauratu

*

Dutsin-Ma.

Lauratu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ki haƙuri.

Na karanta takardarki. Na kai maganar wurin malamina ba tare da na kama suna ba, muka daɗe a kanta. Ga takarda daban na haɗo ta Liman. Babu sunan Baba a ciki, rasuwar Malam Dalhatu ta ishe ni dalili. Ga abin da na ce masa, don ki sani.

Na ce amsata ta farko na gina ta a kan cewa ana iya gane mawadaci da ido, ga shi rumbun marigayi ya nuna ba a iyawa. Allah da kansa ya ba mu labarin wasu mabuƙata da wanda bai sani ba yake zaton masu hali ne, saboda kamun kansu. Su ne suka fi cancanta, kuma su ne ba za su taɓa tashi gaban masallaci ba. Na tuna masa zamanin Sayyidina Umar, da aka yanka wa jama'a rabo daga baitulmali har jarirai, ba a ce sai mutum ya tona kansa ba. Na kuma tuna masa an karantar da mu cewa dukiyar da ta zo wa mutum bai roƙa ba, bai sa rai ba, ya karɓa, in ya so ya ci, in ya so ya yi sadaka. Masu kuɗin nan kowa suka ce. Mu ne muka raba mutane gida biyu, muka sa karɓa ta zama tambarin talauci.

Don haka na roƙe shi ya yi shela kowa ya karɓa, manya su shiga gaba. Wanda ba ya buƙata ya karɓa don ya suturta maƙwabcinsa, daga baya ya bayar inda ba mai gani. Na ce ya je da ƙafarsa ya roƙi dattijon da ya fi kowa girma a gari ya buɗe layi, saboda talakawa. Ke kin san ko wane ne.

Ban sani ba ko Liman zai yarda ya janye magana a bainar jama'a. Ban sani ba ko Baba zai gane ya ƙi. Ban ma sani ba ko takardar za ta riga ma'aikatan isowa. Tsoron da nake ji ban taɓa jin irinsa ba, don alƙalamina yana cikin abin da ya kwantar da Baba. Ki miƙa wa Liman hannu da hannu.

Yayanki,
Abdullatif

*

Unguwar Marke,
Tsakiyar damina.

Zuwa ga Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Anti Fauziyya da yara. Ka kwantar da hankalinka, Baba yana da rai. Na fara da wannan don na san sai ka tsallake gaisuwar.

Takardar ta iso ana gobe ma'aikatan za su zo. Na karanta wa Liman. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Dalhatu a bayana yake salla, ban gani ba." Bayan La'asar ya yi shela, daga nan ya wuto zaurenmu. Ina jin su. Ya ce, "Malam Lado, in ba ka shiga gaba ba, ba babban da zai shiga, talakawa kuma za su yi ta jin kunya." Sai Baba ya ce, "To. Don su."

Da safe ya sa babbar rigarsa, yanzu ta yi masa yawa. Daga gida zuwa firamare, inda ake ɗaukar suna, sai da ya huta a hanya. Shi ya fara dangwala hannu, Liman na bayansa, sai Alhaji Sabitu mai rumbu uku, sai sauran gari, ni ma a cikin mata. Ba wanda ya sunkuyar da kai. A ranar aka ba da na watan farko.

Ranar kasuwa na shiga Kurfi awo. Yaya, wa zan gani wurin masu gero? Alhaji Sabitu, yana ƙulle ɗan awonsa a gefen riga. Gaba kaɗan ga matar Liman. Na ga wasu ma, duk masu sabuwar jinka. Muka gaisa kamar a hanyar biki muka haɗu, ba wanda ya dubi ƙullin wani. Har na dawo gida ina tunanin gidaje nawa ne suka rage kaɗan a kafa masu tsani.

Jiya da hantsi Baba ya kira ni ya ce, "Lauratu, dama mani fura." Na tsaya ina kallonsa, don na manta rabon da in ga ya sa wani abu a baki da rana. Ya ce, "Mi kike kallo? Yau ba ni azumi." Ya sha a hankali, bai shanye ba, amma ya sha. Ƙafar har yanzu da kumburi, gobe zan kai shi asibitin Kurfi, ya yarda.

Da ya ajiye ludayi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce ma Abdullatif ya bar kaffarar nan. Ni na ɗora maki rantsuwar, ni ka biya." Ban san yadda aka yi ya gane ba, ban kuma tambaya ba. Na durƙusa ina kuka, ya ce in tashi kada yara su gani.

Sai ya aika aka kira masu baibaya. Na zaci wani gyara zai sa a yi wa rumbun. Ya nuna jinkar da sandarsa ya ce, "Ku sauke ta, ku warware ciyawar. Ɗakin jikokina shina yoyo."

Yanzu haka rumbun yana nan tsaye baki buɗe, duk mai wucewa yana gani. Da yamma an yi ruwa mai ƙarfi, ko ɗigo bai sauka a kan yarana ba.

Ƙanwarka,
Lauratu